Ranar da Na Ceci Karen da Yake Ƙoƙarin Cetona

Duk mai ciwon sukari irin nawa, wanda rayuwarsa ta rataya a kan allurar insulin, ya san cewa faɗuwar sukari ba ta yin sallama kafin ta shigo. Wannan ne dalilin da ya sa nake yawo da Jarumi, wani baƙin kare jinsin Labrador da aka horar domin ya shinshino canjin da ke faruwa a jikina idan sukarin jinina ya fara sauka, sannan ya sanar da ni ta hanyar dafa gwiwata da ƙafarsa ta gaba. A Amurka, dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta 1990 ta ba irinsa damar shiga kusan duk inda jama'a suke shiga, kuma ma'aikacin wuri ba shi da hurumin neman wata takarda. Tambayoyi biyu kawai aka yarje masa: ko karen yana aiki ne saboda wata lalura, da kuma irin aikin da aka koya masa.

Da yara suka kafe sai mun je ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawa na birnin Orlando a jihar Florida, hutun kuma bai samu ba sai a watan Yuli, babu abin da ya hana ni barci sai zafi. A wannan wata zafin rana a can yakan kai digiri 33 a ma'aunin Celsius, ga iska jiƙe da laima. Kare kuwa ba ya gumi ta fatar jikinsa yadda mutum yake yi, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, saboda haka da haki yake fitar da zafi, kuma hakin ba ya yin tasiri sosai idan iskar kanta a jiƙe take. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 to rai ake magana. Kwalta ta fi komai mugunta, domin a ranar da iska take digiri 31, kwaltar da rana ta buga tana iya wuce digiri 60. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin kare mai aiki, wanda zai ci gaba da bin ubangidansa ko da ƙafarsa tana toyewa, ba tare da ya nuna gajiyawa ba.

Na sayo masa takalma huɗu, da rigar da ake jiƙawa domin ta sanyaya jiki, da kwano mai naɗewa, da ƙaramar fanka mai batir, da laima. Uwargida ta dubi kayan ta ce, "Maigida, ko lokacin haihuwar ɗanmu na fari ban ga ka yi irin wannan tanadi ba." Ban tanka ba, domin ina fama da Jarumi wanda tun da aka sa masa takalman yake ɗaga kowace ƙafa sama sosai kamar mai ratsa gonar ƙaya.

Masu kiwon karnuka suna da wani gwaji mai sauƙi, wato ka ɗora bayan hannunka a ƙasa na daƙiƙa bakwai, idan ba ka iya jurewa ba to ƙafar kare ma ba za ta jure ba. Ni dai na riƙe wannan gwaji da muhimmanci fiye da yadda masu shi suka yi nufi. Duk inda launin ƙasa ya canja sai in durƙusa a tsakiyar cunkoso in manna hannu ina ƙirge, har wata dattijuwa mai kirki ta durƙusa kusa da ni tana laluben ƙasa, tana tambayata ko zobe ne ya faɗi. Takalman su ma suna da nasu sharaɗi, domin suna riƙe zafi a ƙafa, dole ne a riƙa cire su idan an shiga inuwa. Haka na wuni ina kwancewa ina ɗaurawa, ina jiƙa riga, ina naɗe kwano, yayin da wanda aka horar domin ya yi mini hidima yake miƙo mini ƙafa ɗaya bayan ɗaya cikin ƙasaita.

Ba a barin karnuka su hau jiragen lilo masu gudu, saboda haka da uwargida da yara suka shiga layin wani mai tsawo, sai na zauna da Jarumi a gefe. Lokacin abinci ya riga ya wuce ban lura ba, ga tafiyar sa'o'i, ga shi kuma zafi yana sa jiki ya zuƙi insulin da sauri fiye da yadda ya saba. Ana nan sai Jarumi ya dafa gwiwata.

Na haddace alamun bugun zafi tun a gida: haki mai tsanani, yawu mai kauri, dasashi ja jawur, tangaɗi da ruɗewa. Nan take na zuba masa ruwa a kwano, ya ƙi ko kallonsa, ya sake dafa gwiwata. Ƙin shan ruwa, in ji zuciyata, ai abin ya yi nisa. Na buɗe bakinsa ina leƙen dasashi, na kunna masa fanka, na juye masa gorar ruwa a ciki da ƙirji, shi kuwa sai ya miƙe ya ɗora ƙafafunsa biyu a ƙirjina yana kallona ido cikin ido. Na ce shi ke nan, ruɗewar ta zo. Hannuwana suna ta rawa, gumi mai sanyi yana keto mini, na ɗauka duk tausayi ne. Faɗuwar sukari dama tana zuwa da taurin kai da gurguwar fahimta, kuma a ranar ta ba ni rabona cikakke. Na sunkuci kare mai nauyin kilo 30, jiƙe sharkaf, na ruga ina roƙon jama'a su ba ni hanya, shi kuma yana ta dukan kafaɗata da ƙafa, yana ci gaba da aikinsa a sama.

A ɗakin ba da agajin gaggawa na dire shi na ce da ma'aikaciyar jinya ta taimaka ta cece shi. Ta dubi karen, wanda ya girgije ruwan jikinsa yana kaɗa wutsiya, sannan ta dube ni, ta ce cikin natsuwa, "Yallaɓai, wane aiki aka koya masa?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, amsar da kanta ta zaunar da ni a kan kujera. Na'urar gwaji ta nuna sukarina ya yi ƙasa sosai da 70, wato iyakar da idan an gaza ta ake cewa sukari ya faɗi. Aka ba ni abin sha mai zaƙi, aka ce in jira minti 15 a sake gwadawa, Jarumi kuma ya miƙe a kan daɓe mai sanyi da takalma uku, yana jiran tukuicin da aka saba ba shi idan ya yi gargaɗi daidai. Tukuicin ma sai da ma'aikaciyar ta tuna mini.

Da uwargida ta iso ta ji bayani, ba ta yi dariya a gaban mutane ba, kuma na yaba mata. Ta dai karɓe jakar kayan, ta tsara cewa daga nan har mu fita Jarumi ne zai kula da ni, ita za ta kula da Jarumi, ni kuwa aikina shi ne in ci abinci in bi inuwa. Ta miƙa mini laimar karen da fankarsa, kuma ban ƙi karɓa ba.

Kafin mu tafi na biya ta ofishin kayan da suka ɓace domin cigiyar takalmi na huɗu. Na kwatanta shi sosai, na ce ƙarami ne, baƙi, mai maɗauri, na ƙafar hagu. Ma'aikacin ya rubuta komai a takarda, sannan ya ɗago kai ya tambaye ni shekarun yaron nawa, da kuma ko ƙafar hagun ce kaɗai ba ta da takalmi. Na ce ta gaba ce, sauran ukun duk suna nan.