Kafin ka raɗa wa gansakuka suna, dubi inda ta tsiro

Wani abu da ke ba ni mamaki shi ne mutum ya tsaya daga nesa ya ɗauki hoton gansakuka da waya, ya loda a manhaja, ta ba shi suna, shi ke nan ya yarda. Haba jama'a! Gansakuka fa ba bishiya ba ce da za ka gane ta daga tsallaken titi. Nau'inta sun kai kusan 12,000 a duniya, kuma a hoto yawancinsu kore ne kawai ba wani bambanci.

A ganina, rabin aikin gane ta yana ga wurin da ta zauna. Kan dutse take ko ɓawon itace ko ƙasa? A inuwa ko a rana? Tunda ba ta da saiwa ta gaske, 'yan zaruruwa ne kawai take maƙalewa da su, ruwan kuma ta jikinta take sha, ba ko'ina kowace iri ke yarda ta zauna ba.

Ga misali Bryum argenteum, wadda masani Johann Hedwig ya bayyana a 1801. Tsawonta da ƙyar yake kai santimita 1. Ba daji take nema ba, tsagin siminti da gefen hanya da inda ake tattakawa, nan ne gidanta, kuma ana samun ta a kowace nahiya har Antatika. Durƙusa ka duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10: rassan siri-siri ne a cunkushe, ganyen sun manne da juna, bakinsu fari fat saboda babu sinadarin kore a wurin. Shi ya sa idan ta bushe take ƙyalli kamar azurfa. In ka ga wannan ƙyallin a tsagin daɓe, ka kusa gama aiki.

Funaria hygrometrica kuwa inda aka yi ƙuna take so, wurin da toka ta kwanta. Sandar da ke ɗauke da kwanson irinta tana murɗewa in ta bushe, in ta jiƙe ta warware.

Af, zancen nan da ake yi cewa gansakuka gefen arewa na bishiya kawai take fitowa, kar ka dogara da shi. Danshi take bi, ko ta ina yake.

Kuma kar ka yanke hukunci a kan busasshiya. Yayyafa mata ruwa, cikin mintuna ganyen za su buɗe, siffarta ta fito. Wasu nau'in ma dole sai an sa ganye ɗaya ƙarƙashin madubin likita. In za ka ɗiba, ɗan tsunkule ya isa, ka sa a takarda ba leda ba don kada ta yi fumfuna, ka rubuta wurin da ranar a jiki.