Wai "da kuɗina na haƙa"

Abin da ya hana ni sukuni tun jiya ba ma zubar ruwan ba ne, amsar da aka ba ni ce. Maganar wani Alhaji maƙwabcina ce, mai bohol a gidansa. Tun wajen ƙarfe biyun dare da aka kawo wuta sumonsa, wato injin da ke jawo ruwa daga bohol, ke aiki, tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa na kwarara ta bayan katanga har muka je asuba muka dawo, ga yara a bakin layi da jarkoki babu ko ɗigo suna jiran ɗan garuwa. Na yi sallama na ce Alhaji barka da asuba, tankinku fa tun dare yake zuba. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi, Malam ai ba famfon gwamnati ba ne, bohol ɗina ne, da kuɗina na haƙa.

Haba Alhaji, haba! A wannan bazarar?

To bari in faɗa a nan kowa ya ji. Ramin ka haƙa da kuɗinka, bututu da sumo da tanki ka saya da kuɗinka, babu mai ja. Amma ruwan ba kai ka zuba shi a ƙasa ba, kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Katangarka iyakarta tushen gini, can ƙasa babu katanga babu get, ruwan da kake zuƙa shi ne dai wanda ke tsattsafowa a rijiyar tsohuwar da ke bayan gidanka. Ku tambayi duk mai haƙar bohol a Kano zai gaya muku garin nan a kan dutse yake zaune, ba wani kogi ne ke gudu a ƙarƙashinmu ba, ɗan abin da ya maƙale ne a tsagun dutse da ɓurɓushin da ke samansa. Kuma me ke cika shi? Damina, wadda ƙarfinta duka daga Yuni zuwa Satumba ne. Sauran watannin nan ajiya muke ci, ajiyar unguwa baki ɗaya. Rijiyar gidanmu da muka taso ana jefa guga ko a tsakiyar Afrilu, yanzu tun Fabrairu sai laka take ba mu, tun da aka jera bohol a layin.

Na ga masu cewa hassada ce ke damuna don ba ni da bohol. Ku faɗa, ba zai cika jarkar kowa ba. Wasu kuma sun ce ai ruwan ƙasa ya koma, ba a yi asara ba. Wace ƙasar? Tsakar gida an shafe da siminti, ƙofar gida an shimfiɗa intalok, ruwan kwata ya nufa ya haɗu da ƙazanta, sauran kuma rana ta shanye kafin hantsi. Ta ina zai koma?

Sai masu cewa laifin gwamnati ne, da famfo na zuwa da ba a haƙa bohol ba. Wannan gaskiya ce kuma na sha faɗa, muna da madatsar Tiga tun 1974 zamanin Audu Bako, muna da ta Challawa tun 1992, bai kamata a ce jarka ce ke shayar da mutanen birni ba. Amma gwamnati ce ta hana a kashe sumo? Akwai ɗan abin da ake ɗaurawa a tanki wanda da ya cika yake tsayar da injin da kansa, kowane mai gyaran famfo ya san shi, kuɗinsa bai kai ko kusa da na tankin ba. Wanda ya iya haƙa bohol bai da hujjar rasa shi. Lita 1,000 jarka 40 ce ta lita 25. Ku lissafa jarka nawa ta bi kwata daga biyun dare zuwa asuba, sannan ku je ku kalli kafaɗun yaron da ke tura kura a ranar nan.

Mu ma da ba mu da bohol ba mu tsira ba fa, don in an ba mu irin damar wallahi da yawanmu haka za mu yi. A duba alwala kawai. Ya tabbata a hadisi Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, ya yi wanka da sa'i, mudun nan kuwa bai kai lita ɗaya ba. Mu kuwa sai a murɗa famfo ya yi ta zuba ana naɗe hannun riga, ana cire agogo, ana gaisawa da na kusa. Buta ɗaya ta isa har ta yi ragowa. Kuma Manzon Allah (SAW) ne ya ce Musulmi abokan tarayya ne a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Tarayya fa aka ce. To ina "da kuɗina na haƙa" ta shiga a nan?

A gidanmu mai ɗakina ce ta kafa dokar, kuma na ga amfaninta da idona. Ruwa ba ya fita sai ya yi aiki biyu. Alwala a kan roba ake yi, a kwashe a kai gindin zogale. Ruwan wanke shinkafa da na alayyafo da tumatir duk na shuka ne. Ruwan ɗaurayar wanki shi ake kora banɗaki da shi ko a yayyafa kafin shara, amma mai kumfar omo ba ma zuba wa abin da za mu ci. Mota da bokiti da tsumma ake wanke ta, tiyo mun rataye shi sai damina. Famfon da ke ɗiga kuma ba a kwana da shi, ka sa bokiti a ƙarƙashinsa dare ɗaya ka ga abin mamaki.

Batun shuka nan ne abin ya fi ƙona min rai, domin ruwan da ake ɓarnatarwa a kan ciyawar ado a gidajen masu hali ya isa a ce wani abu. Ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba, a yi ta feshe ta da tiyo da tsakar rana lokacin da ƙasa ke tafasa, kafin ruwan ya kai saiwa ya tashi sama. Ban-ruwa da sassafe ake yi ko bayan la'asar sakaliya, a gindi ake zubawa ba a kan ganye ba, a yi wa shukar ɗan gurbi, a rufe gindin da busasshen ganye ko buntun shinkafa ko kara don damshi ya daɗe. In kana da ƙaramin tulu ka binne shi har wuya kusa da shukar ka cika ka rufe bakinsa, shi zai dinga tsattsafa mata kaɗan kaɗan na kwanaki. Ba sabon ilimi ba ne. Ku je wajen Tahoua a Nijar ku ga yadda manoma ke haƙa ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa da gurabe masu siffar rabin wata a ƙasar da ta ƙeƙashe don kada ruwan sama ya gudu, su da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar ɗigo. Kuma a shuka abin da ya san garin, zogale, lalle, darbejiya, ba furen da sai an yi masa wanka sau biyu a rana ba.

Alhaji, ni ba faɗa nake da kai ba, maƙwabcina ne kai kuma ina ganin girmanka. In ruwan ya yi maka yawa ka fito da kan famfo ɗaya waje yara su tara, mutane da yawa a garin nan suna yi kuma suna shan addu'a. Amma ka daina cewa naka ne. Ranar da bohol ɗin ya fara tarin iska, kuɗin da ka haƙa da shi ba za su dawo da ruwa ba, layin ɗan garuwa ɗaya za mu bi.

Af, maganar tulu ta tuna min. Wai ina randunan da ake girkewa a ƙofar gida da moɗa a kai don masu wucewa? Kakata Allah ya jiƙanta ba ta taɓa barin tata ta bushe ba, ta turare ta, ruwan ya yi sanyi da ƙamshin ƙasa wanda firij bai isa ya ba ka ba. Yanzu sai ledar fiya wata ko'ina tana toshe mana kwatoci. Don Allah wanda ya san inda ake samun randa babba mai kyau, ginin hannu wadda ba ta yoyo, ya gaya min, guda biyu nake so kafin Juma'a.