Gidanka ne, amma kai ka kawo shi kasuwa

Maganar haya ta sake tasowa a Accra, kuma kamar kullum kowa ya tsaya a kan kuɗin adibans. Dokar haya ta 1963, wato doka mai lamba 220, ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata 6, masu gidaje kuma suna karɓar na shekara 2 ido na ganin ido. An yi ta faɗa a rediyo, har gwamnati ta ƙaddamar da shirin rancen kuɗin haya a 2023. Duk da kyau. Abin da ke ba ni haushi shi ne, a cikin wannan hayaniya ba mai tada maganar mutumin da ya tara kuɗin shekara biyun cif, ya riƙe a hannu, aka hana shi ɗaki saboda sunansa.

Duk ɗan zango da ya taɓa neman ɗaki a wajen Nima, Mamobi ko Fadama ya san yadda abin yake tafiya. Ka kira dillali, ya ce ɗaki da falo na nan, akwai ruwa, akwai mita. Ka biya shi kuɗin duba ɗaki, ka biya mota. Kuna isa mai gida ya dubi hijabin matarka, ya tambayi sunanka da garinku, ya ja dillalin gefe su yi ƙus-ƙus. Sai a dawo a ce maka ai jiya da yamma wani ya kama. Bayan mako guda tallar ɗakin tana nan a Facebook. Wasu ma ba sa wahalar da kansu da ƙarya, a cikin tallar suke rubutawa: ba a son Musulmi, ba a son ɗan arewa, ba a son ɗan Najeriya.

Amsar masu kare wannan ɗabi'a ɗaya ce: gidana ne, da guminna na gina, wanda na ga dama zan ba. Ba mai ja da cewa gidanka ne. Ka zauna a ciki, ka ba ɗan ƙanenka kyauta, ka kulle ka bar wa ɓera, ba ruwan kowa. Amma ranar da ka kafa allo a ƙofa, ka sa farashi, ka aika dillali ya nemo maka kowa da kowa, ka shiga kasuwa ke nan. Mai sayar da shinkafa a kasuwar Makola ba ta da ikon cewa ba za ta auna wa Bafrafra, ɗan arewacin Ghana, ba, to me ya sa mai ɗaki, wanda kayansa ya fi shinkafa zama dole, zai sami wannan iko? Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsi, launi, ƙabila, addini ko matsayinsa na arziki. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 20 cikin 100 na 'yan Ghana Musulmi ne. Mutum ɗaya cikin biyar ake rufe wa ƙofa da wannan allo.

Sai a kawo hujjoji: alwala tana jiƙa tsakar gida, ragon layya, baƙi ba sa yankewa, ranar suna unguwa ba ta barci. To a rubuta a takardar haya mana! Mutum nawa za su kwana a ɗaki, ina za a zubar da ruwa, ƙarfe nawa za a kashe amsa-kuwwa. Sharaɗin ya hau kan kowa, har mai taron addu'a na tsakar dare. Wanda ya karya a kai shi ofishin kula da haya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne yanke wa mutum hukunci tun bai sauke katifa ba.

Masu cewa a gina gidaje da yawa matsalar za ta gushe da kanta, sun manta ana kukan giɓin gidaje kusan miliyan 1.8, gidajen gwamnati na Saglemi kuma sun yi shekaru ciyawa na cin su.

Mu ma a zango hannunmu ba wankakke ba ne. Bazawara mai sana'arta takan sha tambayoyin da ba a yi wa namiji, wani mai gidan ya ce sai ta kawo miji. 'Yan matan da ke dako a kasuwa kuwa, ko kallon ɗakin ba a bari su yi. Dokar hana wariya da nake nema za ta kama Alhaji kamar yadda za ta kama mai gida a unguwar Dansoman, kuma haka ya kamata.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Amurka ta yi dokar hana wariya a gidaje a 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King, kuma can ana tura mutane biyu masu kama daban su nemi ɗaki ɗaya don a kama mai ƙarya. Afirka ta Kudu ta rubuta hanin a dokar hayarta ta 1999, tun daga matakin talla. Mu muna da hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta CHRAJ, wadda ke da hurumin binciken koke ko da a kan ɗan kasuwa ne. Muna da dokar 2020 mai lamba 1047 da ta kafa majalisar ba dillalan gidaje lasisi. Duk dillalin da ya yaɗa tallar da ke ware addini ko ƙabila a ƙwace lasisinsa, mai gidan kuma a ci shi tara. 'Yan majalisar mazaɓun Ayawaso da Ablekuma, waɗanda ƙuri'ar zango ta kai su kujera, su ne ya kamata su tashi su nemi a sa wannan sakin layi cikin duk wata sabuwar dokar haya kafin a kaɗa mata ƙuri'a.