Kafin a sauke maka bwat, ka sa a wanke injin tukuna

Jama'a akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki mu masu tsofaffin motoci a Garwa, kuma ni dai ta ishe ni. Ka buɗe but ɗin kowace Carina E ko Corolla, ko ka leƙa ƙarƙashin kujerar Hiace mai zuwa Marwa, da wuya ka rasa galan ɗin baƙin mai. Kullum da safe a zaro sandar awo, a ga ya sauka, a ɗura, a ce ai tsohuwar mota dama sai da ci. Na yarda Carina E an ƙera ta ne tsakanin 1992 da 1997, ta gama wahalarta a Turai kafin ta sauka Duwala ko Kwatano, ta zo nan tana shan ranar Maris da Afrilu mai wuce digiri 40, dole robobinta su bushe su tsage. Amma tsufa ba ya hana a gano inda man ke fita, mu ne dai ba mu son nema, makanikai da yawa kuma sun fi son aikin da ya fi kuɗi.

Da farko ma ka san shin motar zubar da man take yi ko ƙona shi take. In tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ta salansa, musamman in ka tayar da ita da safe ko ka taka wuta bayan gangara, wannan cikin inji man ke shiga yana ƙonewa, maganar ring ce ko robobin bawul, ko ka shafe injin da gam daga sama har ƙasa ba abin da zai canza. In kuma ka buɗe murfin zuba mai ka ga wani farin kumfa mai kauri ya manne, kuma ruwan lagireto na raguwa, to ka fara zargin juwan kulas, wato gasket ɗin da ke tsakanin kulas (kan inji) da jikin inji. Shi yoyo na gaskiya kwali kawai yake so. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe ka duba inda ɗigon ya faɗi da launinsa. Baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, ja yawanci na sitiyari ne ko na giya otomatik, man bwat kuwa, wato akwatin giya, warinsa kaɗai ya isa ya gaya maka.

To ga inda ake cutar mutane. Ka kai mota garaji, yaro ya shiga ƙasa ya fito hannu baƙi ƙirin, maigidansa ya ce "Alhaji juwan spi na baya ne, sai an sauke bwat." Wato robar da ke tare mai a bayan inji, inda ya haɗu da bwat. Me ya gani? Ya ga mai a mahaɗar inji da bwat. Ai duk man da ya fita daga ko'ina a jikin inji can zai ƙare, nauyinsa na ja shi ƙasa, iskar tafiya na tura shi baya, ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai har ya zama laka. Kamar rufin kwano ne da damina, inda ruwa ke ɗiga a tsakar ɗaki ba lallai nan hujin ƙusar yake ba. A injin 4A-FE da ke cikin yawancin Carina da Corolla ɗin nan, delko, mai raba wa buji (fulogi) wuta, na zaune ne a gefen kulas daidai saman bwat, kuma akwai wata 'yar roba mai zagaye a wuyansa wadda ba ta fi zobe girma da yawa ba. In ta bushe, man zai bi jikin inji ya gangaro ya taru daidai inda ake cewa juwan spi ne. Na ga motar wani maƙwabcina da aka sauke wa bwat, ta kwana biyu a garaji, aka sa sabon juwan, ya biya, kafin sati ya zagayo kwalinsa ya sake jiƙewa, ashe wannan 'yar robar ce, aikin da ba ya cin rabin awa.

Shi ya sa nake cewa duk makaniken da ya yanke maka hukunci a kan inji mai datti, ka ce ya dakata. A bar injin ya huce, a rufe delko da altaneta da leda, a goge shi da gazuwal ko kananzir da buroshi, a bi da omo da ruwa, a bar shi ya bushe sarai. Ban ce da zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin titi, ba fa, masu wanke inji da fetur kusa da mai walda Allah ne kawai ke tsare su. In ya bushe ka barbaɗa hoda a wuraren da kake zargi, hodar jarirai ma ta yi, ka tayar da motar ta yi zafi, ka ɗan zaga da ita ka dawo, sai ka ɗauki tocila ka fara duba DAGA SAMA. Wurin da ya fi kowane tsayi da ka ga layin mai ya ratsa hodar, nan ne. A mafi yawan motocin da na gani robar murfin saman inji ce, wadda in ta mutu har ramin buji take cikawa da mai mota ta riƙa rawa. Ko kuma ɗan na'urar nan da ke kunna fitilar mai a dashbod, shi ma yana tsiyaya ta jikinsa in ya tsufa. Ko filta, wanda wani lokaci robar tsohon ke mannewa a jikin inji a ɗaura sabon a kanta, roba biyu, ai dole ya zuba. Ko bushon ɗin karter, wato kusar da ke toshe kwanon mai na ƙasan inji, da yara ke ɗaurewa da dogon bututu a duk vidanj (canjin mai) har haƙoransa su cinye, ba wanda ya taɓa tunanin canza 'yar wasar da ke jikinsa. Masu bin hanyar Mora zuwa Kuseri kuma su duba karter ɗin kansa, dutse ɗaya ya isa ya tsaga shi.

Akwai abu ɗaya da kusan ba na jin ana ambatarsa a garejinmu, shi ne numfashin inji. Kowane inji na tara iska a cikin karter, tsoho ya fi tarawa don ring ɗinsa sun saki, kuma an yi masa ɗan bawul da tiyo a kan murfi da ke janye wannan iskar. In ƙura da daskararren mai suka toshe shi, iskar sai ta nemi hanya, ta ture mai ta kowace roba mai rauni. Ka canza juwan na gaba gobe na baya ya fara, ka canza na baya murfi ya fara, ka ce an sayar maka da jabu. Ka ciro bawul ɗin ka girgiza, in ba ka ji yana ƙara ba ya toshe, a wanke ko a canza. Haka masu cika mai ya wuce layin sama wai don kar ya ƙare a hanya, su ma tura shi waje suke yi da kansu. Tsakanin layin ƙasa da na sama a sandar awo kusan lita ɗaya ce, injin gaba ɗaya bai cin lita huɗu.

Sai maganar gam. Ban ƙi silikon ba, karter ɗin waɗannan Toyota ma da irinsa aka liƙe shi tun daga kamfani. Abin da na ƙi shi ne a matse rabin tub a kan ƙarfe mai maiƙo a ɗaure a zuba mai nan take. Wanda ya bulbulo waje kana ganinsa, to irinsa ya bulbulo ciki, in ya gutsire rariyar famfon mai zai je ya toshe, ka je gyaran ɗigo ka dawo da injin da ya buga. Siririn layi ake yi a kan ƙarfe busasshe mai tsabta, a ba shi lokaci ya kama. Su kuma masu cewa a sa mai mai kauri zai tsayar da yoyo, 20W-50 ya dace da tsohon inji a zafinmu, ba gardama, amma rage gudun ɗigon kawai yake yi, tsagar na nan. Ballantana man kwalba na bakin titi da ba ka san daga wane inji aka tatso shi ba.

Na san wani zai ce malam ɗigo biyu a dare ai bai kai a tada hankali ba, kuma wani lokacin gaskiyarsa, in ɗan gumi ne a gefen murfi kana duba awo kullum za ka iya jira ƙarshen wata. Amma akwai wanda ba a jira. Man da ke zuba a kan bututun salansa mai zafi har kana jin ƙauri a cikin mota, wannan gobara ce ke sallama. Man da ya shiga murfin bel ɗin tayimin yana cin robar ne a hankali, ranar da zai tsinke ba zai tambaye ka ko kana tsakiyar hawan falez ɗin Mbe a hanyar Ngaundere da fasinja cike ba. In kuma da gaske juwan spi na baya ne, to an wanke, an duba sama ƙalau, man na fitowa daga ƙasan mahaɗar kawai, wani lokaci har ambiriyaj, wato kuloci, ya fara sulɓi, a nan ne sauke bwat ya halatta. Tunda an riga an sauke, ka sa a duba faifan ambiriyaj ɗin a lokaci guda, ka sayi juwan mai kyau ko da ya ninka kuɗi, don kuɗin aikin ya fi na robar nesa ba kusa ba, kuma ka tsaya a wurin ka ga an shafa wa leɓensa mai kafin a buga shi ya zauna daidai.