Wayar da ke gefen littafi

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito ba yadda ake so ba, waya ce ta farko da ake ɗora wa laifi. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, amma a ganina mun ɗauki ma'aunin da bai dace ba. Muna ta ƙirga awannin da ɗalibin jami'a ya ƙarar a TikTok ko Instagram, alhali babbar ɓarnar tana faruwa ne a lokacin da shi kansa yake ganin karatu yake yi.

Ga littafi a buɗe, ga waya a gefe. Ya karanta layi uku, saƙo ya shigo, ya leƙa, ya dawo. Ido ya koma kan shafi, hankali kuwa yana can. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya tsallaka daga wani aiki zuwa wani, wani sashe na tunaninsa kan maƙale a na baya. Darasi mai nauyi, irin lissafi ko shari'a, sai an riƙe farkon hujja a ka kafin a gane ƙarshenta. Karatun da ake yankewa kowane minti biyar ba ya zama, ko da an kwana a kansa.

Abin ma bai tsaya kan mai shi ba. Wani gwaji da aka yi a Kanada a 2013 ya gano cewa ɗaliban da ke hango allon kwamfutar wani yana shige-shige ana tsaka da lacca, su ma makinsu ya ragu.

Duk da haka, ba na tare da masu cewa a raba ɗalibi da dandalin sada zumunta kwata-kwata. Wani mai bincike, Reynol Junco, ya bibiyi ɗalibai sama da 1,800 a Amurka, ya kuma wallafa a 2012 cewa daɗewa a Facebook na tafiya tare da raguwar maki, amma masu amfani da shi wajen raba bayanai sai aka ga akasin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne rawar da jami'o'in kansu ke takawa. Sauya lokacin lacca, aikin gida, ranar gwaji, duk a zauren WhatsApp na aji ake sanarwa, wani lokaci cikin dare. Malamin da ya ce a ajiye waya shi ne kuma ya sa ajiye ta ya zama kasada. Ɗalibi ya shiga neman sanarwa ɗaya, manhajojin da aka ƙera don kada ya fita suka riƙe shi.

Ya kamata kowane sashe ya tsayar da kafa ɗaya ta sanarwa da lokaci ɗaya a rana. Da zarar ɗalibi ya san babu abin da zai wuce shi, sai ya iya barin wayar a wani ɗaki na awa biyu, ya zauna da littafinsa.