Ba Crowley ne ya fara ba

Mutane da yawa sun ɗauka Aleister Crowley, Baturen Ingila, shi ya kawo sihirin saduwar namiji da mace cikin tsafin Turawa. Ba haka ba ne. A 1875, shekarar da aka haifi Crowley, Paschal Beverly Randolph ya mutu. Baƙar fatar Amurka ne, kuma tun 1874 ya fitar da littafinsa Eulis, yana koyar da cewa niyyar da ma'aurata suka ƙulla a zuci lokacin saduwa tana da tasiri, amma da sharaɗin ƙauna ta gaskiya. Crowley daga baya ya shiga ƙungiyar asiri ta O.T.O. (Ordo Templi Orientis), wadda Bajamushe Theodor Reuss yake jagoranta a lokacin, ya watsar da wannan sharaɗi. Yadda aka manta da Randolph yana damuna ƙwarai.