Tsintsiya da sabulu ba aikin hannun yaro ba ne

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce 'yata da ke aji huɗu na firamare ta dawo da wata 'yar takarda a jakarta, wai saƙo ne daga makaranta. An rubuta cewa kowane yaro ya kawo handiwok ɗinsa, wato aikin hannu, kafin a fara jarrabawa, a ƙasa kuma aka jera abin da ake so, tsintsiyar kwakwa biyu, ko sabulun wanki sanda ɗaya, ko tishu, wanda bai samu ba ya kawo kuɗin. Na ce mata Mamana, a cikin waɗannan wanne kika iya yi da hannunki? Ta ce Abba ai ba yi ake ba, saye ake yi, kuma Anti ta ce wanda ya kawo babban sabulu shi zai fi cin maki. Wallahi tun daga lokacin abin yake cina a rai, ba don kuɗin sabulun ba, don yadda yarinyar ta faɗi maganar hankalinta kwance, ita a saninta haka aikin hannu yake, kuma ba laifinta ba ne tunda abin da ta tarar ke nan tun tana nazire.

Duk mai bin labarai ya san a watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhaja, an rage yawan darussa, an shigo da sana'o'i irin su haɗa sola, ɗinki, gyaran waya da kiwo, darasin al'adu da fasahar ƙirƙira wato CCA kuma an bar shi daga firamare har ƙaramar sakandare. An yi ta tafi a rediyo da Facebook cewa yanzu yaranmu za su fito da sana'a a hannu. To ni tambayata ita ce, yaron da ya yi shekara shida a firamare bai taɓa riƙe almakashi ya yanka kwali da kansa ba, bai taɓa cuɗa yumɓu ba, bai san yadda ake zura zare a allura ba, da wane hannun zai je ƙaramar sakandare ya haɗa wayar sola? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannu ma haka yake.

Makarantun kuɗi masu tsada su kuma nasu salon daban, kuma a wajena ya fi na sabulun muni. Su furojet suke bayarwa. A ce wa yaro ɗan shekara takwas ya je gida ya haɗo gidan sama na kwali mai ƙwan lantarki, ko tashar jirgin sama, a kawo nan da sati ɗaya. Kowa ya san abin da ke biyo baya, uwa ta ɗauki waya ta kira kafinta ko wani ɗan unguwa mai zanen allon talla, a yi ciniki, a biya, yaro ya ɗauko a kai ya kai makaranta. Na halarci irin wannan baje kolin bara a makarantar ɗan ƙanwata. An jera tebura, gidaje ga su nan tsaf-tsaf da fenti mai sheƙi, har da wani masallaci mai hasumiya huɗu wanda ko ni da girmana ba zan iya yanka kwalinsa haka ba. Na tsaya gaban wani yaro na ce, yaro da wane irin gam ka liƙa wannan rufin? Sai ya juya yana neman mamansa da ido. Can ƙarshen layi kusa da ƙofa akwai wani yaro da motar kara, ya fere totuwa ya yi jikin motar, ya yanko tsohon silifas ya yi tayoyi, ya soke su da tsinken tsintsiya, har da 'yar ƙofa mai buɗewa, kuma da na tambaye shi sai da ya yi min bayanin dalilin da ya sa tayar baya take gogar jiki da yadda ya sa marfin kwalba ya gyara. Mai masallacin kwali aka ba na ɗaya. Mai motar kara ko sunansa ba a kira ba.

Me aka koya wa yaran nan biyu a wannan rana? Na farko ya koyi cewa maki abin saye ne, kuma ana iya tsayawa gaban jama'a a karɓi kyauta a kan aikin wani ba kunya. Na biyun ya koyi cewa abin da ya ƙera da hannunsa ƙauyanci ne. Sai kuma nan da shekara goma mu zo muna kukan satar amsa a WAEC da ɗaliban jami'a masu biyan kuɗi a rubuta musu furojet, alhali mu muka ɗora su a kan hanyar tun suna aji uku, da kuɗinmu, muna ɗaukar hoto muna sawa a sitatus.

Mu da muka yi firamaren gwamnati a da ba haka muka taso ba, kuma ba wai lokacin akwai kuɗi ba ne. Malaminmu na aikin hannu yakan kwashe mu zuwa bakin kududdufi bayan an ɗauke ruwa, kowa da gwangwaninsa, mu haƙo yumɓu mu dawo gindin darbejiya mu zauna, a tsince tsakuwa, a cuɗa, wani ya gina sa mai tozo, wani kasko, wani mota. Wanda ya yi gaggawar sa nasa a rana ya tsage, malam ba zai ce komai ba sai ya ce sake, gobe ka shanya a inuwa. Mata suna can da kaba suna saƙar faifai da mafici, maza manya a koya musu tufka igiya da rama. Kala ma ba a saye, gawayi ne baƙi, jar ƙasa, farar ƙasa, zoɓo a jiƙa ya ba da ja, gangamau ya ba da ruwan ɗorawa, ƙaro kuma shi ne gam ɗinmu. A wajen saƙar faifan nan na ga yarinyar da ba ta jin lissafi a aji tana ƙirga zagaye tana raba launi daidai wa daida ba kuskure, abin da ake rubuta mata a allo ta kasa ganewa ga shi hannunta ya gane.

Shi ya sa masu cewa wai babu kayan aiki, gwamnati ba ta kawo kireyon da kwali ba, ba na ma tsayawa sauraronsu, kara da yumɓu da robar lemo da marfin kwalba sun cika kowane lungu. Masu cewa ɓata lokaci ne gara a ƙara wa yaro lissafi da Turanci kuwa, su je su duba sakamakon lissafin da Turancin tukuna. Akwai kuma masu fakewa da addini su ce zane haramun ne, kamar dai duk fasaha zanen mutum ce. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana ranar saukar karatu, ko adon da magina ke yi a fuskar gidaje a Zariya da Kano da Damagaram, ko aska takwas a wuyan babbar riga, ya san akwai fagen da yaro zai shekara yana zane bai zana abu mai rai ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a ƙasar Hausa ake wannan. Marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano, wadda ake ce tun 1498 ake rini a cikinta, yara nawa ne a makarantun da ke zagaye da ita aka taɓa kai su suka ga yadda ake ɗaure ƙyalle a tsoma a baba ya fito kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonsu? Wannan kaɗai darasin kimiyya ne da fasaha a haɗe. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19 har yau masana gini na zuwa kallonsa. Ko Ɗan Hausa, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, sai da ya haɗa da sashen sana'a inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci. Shekara sama da ɗari ke nan, mu kuma yau mun dawo karɓar tishu.

Ɗauko naira 20 ka juya bayanta, matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a gida a hannun manyanta mata, ba ta yi boko ba, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, tukwanenta suka zagaya Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato da muke alfahari da shi, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors ya kuma zo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa a 2017, da zanen motoci ya fara tun yana yaro. Muna son sa hotunansu a littafin CCA yara su haddace sunayensu su rubuta a jarrabawa, amma abin da ya mayar da su haka, wato a bar yaro ya ɓata kaya, ya ɓata rigarsa, ya gwada ya rushe ya sake, shi ne ba ma so. Darasin ma gaba ɗaya an mayar da shi kwafar rubutu, malam ya cika allo da ma'anar launi da ire-iren launi, yara su kwafe da biro shuɗi, a tashi ba wanda ya taɓa launin.

Ban ɗora wa malaman aji laifin duka ba, na san albashinsu, na kuma san sau da yawa wadda aka ba CCA ba shi ta karanta ba, an dai ga tana da sarari a jadawali ne. Amma masu makarantu da hedimastoci ba su da uzuri. Sabulun nan da tsintsiyar nan kowa ya san inda suke ƙarewa, wani a share aji da shi wani kuma ya bi jaka zuwa gida. In makaranta na buƙatar kayan shara ta fito fili ta faɗa a taron PTA, za mu kawo, amma a daina liƙa shi da makin yaro. Wannan cin hanci ne ƙarami da aka sa wa yunifom, kuma yara suna gani.

Gyaran ba wani dogon abu ba ne. Duk aikin hannun da za a ba maki a yi shi a cikin makaranta, a gaban malami, wanda aka kawo daga gida a gamme kada a karɓa. A ware awa biyu a sati, a gayyato mai saƙar tabarma ko maginiyar tukwane ko baduku na unguwa a ɗan ba shi na goro ya zauna da yara. Jami'an SUBEB, wato hukumar ilimin firamare ta jiha, da masu duba makarantun kuɗi in sun zo zagaye su ce a nuna musu abin da yara suka yi, su kuma kira yaron ya yi bayani da bakinsa.

Ni dai ban sayi sabulun ba. Na kai yarinyar wajen Hajiyarmu ranar Asabar, ta ɗauko kaba da basilla ta zaunar da ita a tabarma, ta ce zo nan kishiya in ga ko hannun naki na aiki ne. Sau uku tana warwarewa, ta soke yatsa ta yi kuka ta kuma koma ta ɗauka. Faifan ya ɗan karkace ta gefe ɗaya, bai fi tafin hannuna biyu ba. Shi za ta kai ranar Litinin, kuma in aka ba ta sifiri da ƙafata zan je ofishin hedimasta ya gaya min dalili.